Idan Zuciyarka Ta Zama Mai Zaginka: Jagorar Mai Bi Mataki-Mataki

Dare ne na watan Afrilu a Sakkwato. An ɗauke wuta, ɗaki ya zama tanda, kowa ya fito da tabarma tsakar gida. Yara sun yi barci, unguwa ta yi tsit, sai kukan janareta can nesa. Wajen ƙarfe biyu mutum yana kwance ido biyu, zuciyarsa ta buɗe kotu: "Dubi sa'o'inka, kowa ya kama abin yi, kai har yau cima-zaune. Addu'ar ma da kake yi, wa ke jin ta?" Gari na wayewa zai wanke fuska, ya hau kabu-kabu ya tafi sujada, ya rera waƙa da ƙarfi, ba wanda zai san ya kwana ana yi masa shari'a.

Zancen zuci kowa na yi, kuma ba laifi ba ne. Da shi muke lissafin cefane, da shi muke shirya abin da za mu faɗa wa mai gidan haya. Matsala tana farawa ranar da zancen ya koma zagi, ya yi ta maimaita kansa har mutum ya ɗauke shi gaskiya tsagwaronta. Wannan jagora domin mai bi ne da ke cikin wannan hali, da kuma fasto, dattijon ikkilisiya ko shugabar zumuntar mata da za a kawo wa irin wannan kuka. Tsawa ba ta korar wannan murya, yabon kai kuma ba ya rufe mata baki. Gurfanar da ita ake yi, a nemi shaidarta, a ba ta amsa. Kayan aikin kaɗan ne: Littafi Mai Tsarki, ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan firamare, biro, minti 10 zuwa 15 a rana, da haƙurin mako 6. Za mu riƙa cewa "ka", amma maganar ta shafi mace da namiji.

Mataki na ɗaya: kama maganar da kalmominta

A 2 Korantiyawa 10:5 Bulus ya yi amfani da harshen yaƙi, ya ce ana kama kowane tunani kamar bursuna a sa shi ya yi wa Almasihu biyayya. To, ɓarawon da ba a ga fuskarsa ba ba ya kamuwa. Yawancin mutane in an tambaye su abin da ke damunsu sai su ce, "Raina ne kawai a ɓace." Ɓacin ran nan yana da jimla a ƙarƙashinsa, kuma aikin makon farko shi ne tono ta.

Ka raba kowane shafi gida uku. A gida na farko ka rubuta rana, lokaci da abin da ya faru, a taƙaice. A na biyu ka rubuta ainihin kalmomin da zuciya ta faɗa. A na uku ka ba maganar maki daga 0 zuwa 10, gwargwadon yadda ka yarda da ita a lokacin. Misali: "Talata da la'asar, oga ya dawo mini da takarda a gaban mutane. 'Ni daƙiƙi ne, ƙarshenta korata za su yi.' Maki 8."

Kuskuren da aka fi yi shi ne gyara kalmomin. Zuciya ta ce "jaki", mai rubutu ya ji kunya ya rubuta "ban yi ƙoƙari sosai ba". Wannan ba ita ce maganar da ta hana ka barci ba, don haka amsar da za ka shirya mata ba za ta yi aiki ba. Rubuta ta yadda ta zo, da harshen da ta zo, ko Sakkwatanci ne ko yaren gidanku. Kuskure na biyu shi ne yawan rubutu, har littafin ya koma wurin zaman makoki. Uku a rana sun isa. Na uku shi ne yin aikin a kan shimfiɗa; a yi shi kafin faɗuwar rana, a rufe littafin. Wanda ke zaune a gidan haya ko gidan yawa ya nemi inda zai adana shi, ko ya rubuta a wayar da ke da makulli, domin tsoron kada a karanta yakan sa mutum ya yi wa takarda ƙarya.

A wannan mako kada ka yi gardama da komai, tarawa kawai kake yi. Ranar bakwai ka karanta duka. Yawanci za ka tarar zagin da kake ji kamar ba ya ƙirguwa jimloli uku ne ko huɗu, riga kawai suke sauyawa. A gefen kowace ka rubuta bakin da ka fara jin ta. "Ba za ka taɓa ganewa ba" wataƙila muryar wani malamin aji uku ce. "Farar ƙafa" daga dangin miji ta fito. Sanin asalin magana yana rage mata kwarjini, don ka gane aro ce, ba wahayi ba.

Likitoci ma da irin wannan rubutu suke aiki. Aaron Beck, wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, ya lura tun shekarun 1960 cewa masu ciwon baƙin ciki suna da tunane-tunanen da ke faɗo musu da sauri ba tare da sun kira su ba, kuma rubuta su da gwada gaskiyarsu yana taimakawa. Mai bi ba shi da dalilin ƙyamar wannan; marubutan Zabura sun daɗe suna yin haka a gaban Allah.

Mataki na biyu: ware faɗakarwa daga ƙara

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan aka fi yin tuntuɓe. Ba kowace magana mai ɗaci ce ƙarya ba. Ruhu Mai Tsarki yana faɗakar da mutum kan zunubi, lamiri kuma yana da aikinsa. Amma Wahayin Yahaya 12:10 ya ambaci wani da ke ƙarar 'yan'uwa dare da rana. Muryoyin biyu duka suna iya sa ka kuka. Ta yaya za a bambanta?

Dubi Bitrus da Yahuza. A dare ɗaya suka ci amanar Ubangiji, dukansu kuma sun yi baƙin ciki. Bitrus ya fita ya yi kuka mai zafi, daga baya ya tsaya gaban Yesu a bakin teku aka tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, aka mayar masa da aikinsa (Yahaya 21). Yahuza ya mayar da azurfa 30 ɗin, ya tafi shi kaɗai ya rataye kansa (Matiyu 27). Wannan shi ne abin da 2 Korantiyawa 7:10 ke nufi da baƙin ciki iri biyu, ɗaya yana kai ga tuba, ɗaya yana kai ga mutuwa.

Ga wata uwa da ta zagi ɗiyarta da safe saboda ta fasa tulu. Da rana murya ɗaya ta ce, "Kalmar da kika faɗa wa yarinyar nan ba ta dace ba, ki kira ta ki ba ta haƙuri." Wata muryar ta ce, "Ke muguwar uwa ce, 'ya'yanki ba za su yi albarka a hannunki ba." Ta farkon ta nuna aiki ɗaya, mai rana da lokaci, ta kuma nuna ƙofar fita. Ta biyun ta yanke hukunci a kan mutum ɗungurungum, ba ta bar ko taga ba. Faɗakarwa tana tura ka wurin Allah. Ƙara tana sa ka ɓuya kamar Adamu a cikin itatuwa. Faɗakarwa tana yin shiru bayan an tuba an gyara; ƙara tana dawowa da tsohon fayil ko bayan shekara goma.

Yanzu koma littafinka, ka sa wa kowace jimla harafi ɗaya. T na nufin tuba: laifi ne na gaske. K na nufin koyo: kasawa ce, ba zunubi ba, kamar rashin iya lissafin jari ko faɗuwa jarrabawa. Ƙ na nufin ƙarya. Jimla ɗaya tana iya rabuwa biyu: "Na ci bashin ɗan'uwa ina ɓoye masa" T ce, "don haka Allah ya gama da ni" Ƙ ce.

Abin da ya samu T, a furta shi ga Allah da sunansa, bisa alkawarin 1 Yahaya 1:9, a rubuta kwanan watan a gefe, a kuma gyara abin da ke gyaruwa. Zakka bai tsaya ga nadama ba, ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu. In bashi ne, je ka sami mai kuɗin ku yanka abin da za ka riƙa biya duk wata, ko kaɗan ne. In maganar ta dawo bayan haka, kwanan watan nan shi ne rasit ɗinka. Roƙon gafarar zunubi ɗaya sau ɗari ba tsoron Allah ba ne, shakkar maganarsa ce.

Hanyoyi biyu ake ɓata wannan mataki. Wani ya jingina komai ga Shaiɗan, har da lamirin da ke ce masa ya daina dukan matarsa; wannan ya tsere wa tuba ne da sunan yaƙin ruhaniya. Wani kuma ya mayar da komai zunubi, yana tuba don bai sami aiki ba, ko tana tuba don ba ta haihu ba. Da almajirai suka tambayi Yesu ko zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, ya ce ba nasa ba ne, ba kuma na iyayensa ba (Yahaya 9:3).

Akwai kuma ruɗanin da tarbiyyarmu ke ƙarawa. An rene mu da kunya da kawaici, abu ne mai kyau, amma sai wasu su ɗauka zagin kai shi ne tawali'u. Romawa 12:3 ba ta ce ka raina kanka ba, cewa ta yi ka auna kanka da natsuwa. Ɗan nan da ya ɓatar da dukiya a Luka 15 ya shirya jawabinsa tun a hanya, cewa bai isa a kira shi ɗa ba, a mai da shi ɗan ƙodago. Karanta da kyau: kafin ya kai ga maganar ƙodagon, uban ya riga ya sa a kawo riga da zobe.

Wanda kuma ke ɗauke da tsoron "an yi mini baki", ya karanta Karin Magana 26:2, inda aka kwatanta la'anar da ba ta da dalili da tsuntsu mai shawagi da ba ya sauka, ya haɗa da Galatiyawa 3:13. In akwai saɓani da iyaye, a nemi dattijo ya shiga tsakani a sasanta. Amma duk wanda ya yanka maka farashi kafin ya "karya" la'ana, ɗauki takalmanka.

Mataki na uku: nemi shaidu

Dokar Musa ta hana a hukunta mutum da bakin mai shaida ɗaya, sai biyu ko uku (Maimaitawar Shari'a 19:15). Mu kuwa mukan yanke wa kanmu hukunci da shaidar gajiya ita kaɗai. A mako na biyu ka ɗauki jimla ɗaya mai Ƙ, wadda ta fi yawan maki, ka yi mata tambayoyi a rubuce. Mene ne hujjar cewa gaskiya ce? Mene ne hujjar cewa ba haka ba ne? Akwai "kullum", "kowa", "ko kaɗan" ko "har abada" a cikinta? Da ƙanenka ne ya zo da wannan matsala, haka za ka ce masa? Kuma ta ina ka san abin da ke zuciyar wasu?

Wannan ta ƙarshe tana da labari. 'Yan leƙen asiri 10 daga cikin 12 da Musa ya aika ƙasar Kan'ana sun dawo suna cewa sun ga kansu kamar fara, haka kuma mutanen ƙasar suka gan su (Littafin Ƙidaya 13:33). Wa ya faɗa musu yadda aka gan su? Bayan shekara 40 Rahab ta shaida cewa mutanen ƙasar ne zukatansu suka narke don tsoron Isra'ila (Joshuwa 2). Iliya ma ya ce shi kaɗai ya rage, alhali Obadiya ya riga ya faɗa masa ya ɓoye annabawa 100 a kogo, Allah kuma ya ce akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Annabi ne, amma gajiya ta sa ya yi kuskuren lissafi.

Ɗauki matashin da ya rubuta jarrabawar shiga jami'a sau uku bai samu ba. Jimlarsa: "Ba na iya komai." Hujjar goyon baya: sau uku bai kai makin da ake nema ba. Hujjar musu: ya ci jarrabawar kammala sakandare, yana gyaran waya har ana kawo masa daga wata unguwa, shi ke koya wa yara waƙa ranar Asabar. Abin da ya rage bayan shari'a: "Ban ci wannan jarrabawa ba tukuna, kuma lissafi ne ke ja mini baya." Wannan har yanzu da ɗaci, amma K ce, tana da magani: darasin lissafi, ko duba kwalejin ilimi da ta kimiyya da fasaha. Bayan kowace shari'a ka sake ba tsohuwar jimlar maki. In ta sauko daga 8 zuwa 6, aiki ya yi. Kada ka jira 0.

Mataki na huɗu: shirya amsa, ka faɗe ta da baki

Sau uku, a Zabura 42:5, 42:11 da 43:5, mai zabura ya juya ya tambayi ransa dalilin karayarsa, ya umarce shi ya sa zuciya ga Allah. Ya daina sauraron ransa, ya fara yi masa magana. Yesu kuma a jeji ya amsa wa mai gwaji sau uku, duka daga Maimaitawar Shari'a, kowace amsa daidai da gwajin da aka kawo. Don haka kowace ƙarya a nema mata ayarta, ba a ɗebo ayoyi 20 a watsa mata ba.

Ga mai jin an riga an kashe shi da hukunci, Romawa 8:1. Ga wadda zuciyarta ke ci gaba da kai ƙararta bayan ta tuba, 1 Yahaya 3:20 da Zabura 103:12. Ga mai jin an manta da shi, Ishaya 49:15-16. Ga mai ƙyamar jikinsa ko kamanninsa, Zabura 139:13-14. Ga mai cewa gidansu ba kowa ba ne, labarin Gidiyon a Littafin Mahukunta 6. Ga wanda yake jin kansa baƙo, ko da a garin nan aka haife shi, Afisawa 2:19.

Amsar ta ƙunshi abu uku: gaskiyar halin da ake ciki, abin da Allah ya faɗa, da abin da za a yi yau. Kada ta wuce layi uku. Misali: "Gaskiya ne ban sami aiki ba tukuna. Amma darajata a wurin Allah ba albashi ba ne, ya san bukatata. Yau zan kai takarduna wuri ɗaya, in kuma je wurin mai koya ɗinki." Rubuta a ɗan kati, ka sa a aljihu ko bayan waya. Karanta da murya sau uku a rana, da safe, da rana, da yamma, ko da zagin bai zo ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wasu sukan ji sauƙi in sun kira kansu da sunansu, kamar suna lallashin aboki.

Abubuwa uku ke lalata wannan mataki. Na farko, amsar da ta fi ƙarfin imanin mai faɗarta. Wanda bai ci abincin dare ba yana ta nanata "ni attajiri ne", zuciyarsa dariya za ta yi masa. Wani bincike da aka buga a 2009 daga Jami'ar Waterloo ta Kanada ya nuna cewa masu raina kansu sun ƙara jin ɓacin rai bayan maimaita kalmar yabon kai da ba su yarda da ita ba. Sura ta 3 ta Littafin Makoki ba ta musanta ɗacin ba. Sai da ta ambace shi filla-filla sannan ta tuna da jinƙan da ke sabuntuwa kowace safiya.

Na biyu, cire aya daga mahallinta. Shaiɗan ma ya kawo Zabura 91. Filibiyawa 4:13 Bulus ya rubuta ta yana ɗaure, yana maganar iya zama da ƙoshi da yunwa. Irmiya 29:11 an aika ta ga mutanen da aka ce za su yi shekara 70 a Babila. In ka mai da aya alkawarin da ba ta yi ba, ranar da bai cika ba zuciyarka ta sami sabon zagi: "Ka gani? Ko Allah ya ƙi ka." Karanta surar gaba ɗaya kafin ka kwafi aya.

Na uku, ƙoƙarin danne tunanin. A wani gwaji a 1987, masanin halayyar ɗan Adam Daniel Wegner ya ce wa mutane kada su tuna da farin beyar, sai tunanin ya riƙa dawo musu. Mai kwana yana cewa "ba zan yi wannan tunani ba" ciyar da shi yake yi. Ka ce masa, "Na gan ka, an riga an yi shari'arka," ka karanta katinka sau ɗaya, ka koma ga abin da hannunka ke yi. Filibiyawa 4:8 ta lissafa abin da za a cika zuciya da shi. Hanya mai sauƙi ita ce rubuta abu uku na godiya kowace yamma, ƙanana kuma takamaimai: ruwan famfo ya zo, maƙwabciya ta aiko da fura, yaro ya warke daga zazzaɓi.

Mataki na biyar: jiki ma yana da baki a maganar

Da Iliya ya kwanta a gindin itace yana roƙon mutuwa (1 Sarakuna 19), mala'ika bai yi masa wa'azi ba. Abinci da ruwa ya ba shi, ya bar shi ya yi barci, ya sake tashe shi ya ci. Magana ta zo daga baya, a Horeb. Zabura 103:14 ta ce Allah yana tune cewa mu ƙura ne.

A Sakkwato daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, barci ya gagara, rai ya yi saurin ɓaci. Sa wa kanka doka: bayan ƙarfe 10 na dare kotu a rufe take. In tunani ya taso, rubuta kalma biyu a takarda da alkawarin dubawa gobe da la'asar. In ka wuce kamar minti 20 kana juyi, tashi ka sha ruwa, ka jiƙa jiki, ka karanta Zabura 4 ko 121 a hankali, sannan ka koma. Bar shayi mai kauri, kofi da goro tun daga la'asar. Ajiye waya awa ɗaya kafin kwanciya. Hotunan biki da sabuwar mota a Facebook da TikTok itace ne ga wutar "dubi sa'o'inka", kuma 2 Korantiyawa 10:12 ta riga ta ce masu auna kansu da junansu ba su da hankali. Yi tafiyar ƙafa ta minti 20 zuwa 30 da sassafe kafin rana ta yi. Giya, tramadol da kodin suna sa muryar ta yi shiru na awa kaɗan, ta dawo da sabon abin zargi. Azumi kuwa ibada ce, amma wanda ya riga ya daina cin abinci saboda baƙin ciki kada ya ƙara azumi a kai ba da shawarar fasto da likita ba.

Mataki na shida: mutum ɗaya, da aiki ɗaya

Daga mako na uku ka nemi mutum ɗaya da zai ji jimlolin nan. Yakubu 5:16 da Galatiyawa 6:2 sun ɗora mana wannan. Ya zama jinsinku ɗaya, mai riƙe sirri, wanda ba mai zuga ba ne, ba kuma mai faɗa ba. Kada a kai maganar gaban taron zumunta a matsayin roƙon addu'a. Ikkilisiyoyinmu a nan ƙanana ne, kowa ya san kowa, kuma gulma takan sa rigar addu'a. Minti 20 zuwa 30 a mako sun isa, bayan an tashi sujada. Ana iya farawa haka: "Mama, akwai abin da zuciyata ke faɗa mini, ina so in karanta miki, ki faɗa mini ko haka kike ganina." Ita kuma ta saurara har ƙarshe kafin ta ce, "Ɗiyata, wannan ɗaya akwai gyara, amma waɗannan biyun ban san wadda suke nufi ba."

Ga mai sauraro: "ba ka da bangaskiya" da "ai wasu sun fi ka wahala" ƙarin kaya ne. Abokan Ayuba sun yi daidai kwana 7 da suka zauna shiru, sai da suka buɗe baki suka ɓata.

Daga mako na huɗu, kowane mako ka yi abu ɗaya da muryar ta ce ba za ka iya ba. Ƙarami: karanta nassi a taron matasa, gaida wanda kake zaton ya tsane ka, tambayar farashin buhun albasa a kasuwa da niyyar fara sari. Kafin ka yi, rubuta abin da kake tsoron zai faru. Bayan ka yi, rubuta abin da ya faru. A ƙarshen mako na shida ka koma shafukan farko ka sake ba jimlolin maki. Za su dawo lokacin rashin lafiya, rashin kuɗi ko rasuwa. Dawowarsu ba rushewar aiki ba ce, katin kawai za a sake fitarwa.

Inda wannan jagora ba ta isa ba

In mutum ya kai mako 2 kusan kullum cikin baƙin ciki, abin da yake so a da ya fita ransa, barci da cin abinci sun rikice, aiki ya gagara, to a ga likita. Haka mace da ta shiga wannan hali bayan haihuwa. Haka mai jin muryoyi daga waje kamar ana yi masa magana a kunne. Haka wanda tunanin saɓo ke faɗo masa ba da sonsa ba har ya kwana yana maimaita addu'ar tuba. Wannan sanannen ciwo ne mai magani, kuma baƙin cikin da yake ji a kai shaida ce cewa ba ra'ayinsa ba ne. In kuwa tunanin kashe kai ya shigo, a ranar za a faɗa wa wani, kada a bar mutumin shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da tarin ƙwayoyi daga ɗakin, a tafi asibiti.

Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, akwai kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a cikin gari. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace, ba ya kuma nufin addu'a ta kasa. Bulus da kansa ya kira Luka ƙaunataccen likita. Wataƙila a auna jini, domin ƙarancin jini da matsalar thyroid (halittar wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo) suna iya kawo kasala da karayar zuciya. In an rubuta magani, yakan ɗauki makonni kafin a ji aikinsa, kuma ba a yanke shi farat ɗaya don an ji sauƙi ko don wani ya ce an warke a wurin addu'a. Ranar zuwa a tafi da ɗan rakiya, a kuma tafi da littafin nan, domin likita zai tambaya tun yaushe abin ya fara, kwanan watan kuwa yana nan a shafin farko.